Hoton Teodora

Dare ya yi, sanyi ya kori kowa daga kasuwar garin El Alto, sai Wilfredo mai gyaran kwamfuta kaɗai a shagonsa. Lalataccen faifan ajiyar kwamfutar da ke gabansa nasa ne, kuma duk hotunan marigayiya matarsa Teodora suna ciki. A al'adar garin, gobe ne matattu ke ziyartar gida, ana shirya musu tebur da burodi da hoto. Shi ko hoto ɗaya ba shi da shi. Ya canza allurar da ke karanta faifan, ya canza waya, faifan sai ƙas-ƙas yake yi.

Wata mata ta shigo, ta rufe fuska da mayafin ulu, hularta har gira. Bai ji motsin ƙofa ba.

"An tashi, Doña," ya ce, kamar yadda ake kiran mace da girmamawa a garin.

"Kai ne gwanin da ake faɗa? Naka ma ya gagare ka."

Muryar kamar daga cikin tulu take fitowa. Numfashinsa na tururi saboda sanyi, nata ko alama babu. Ƙanshin koka, ganyen da mutanen garin ke taunawa, da na jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika shagon.

Ta ɗora yatsa a kan faifan. Ƙarar ta tsaya, hotuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ya zaɓi na farko.

Matar ta sunkuyo ta bayan kafaɗarsa, ta ja tsaki.

"Ba wannan ba, Wili. Ka san ban taɓa son rigar nan ba."