Minti Ashirin a Saman Hasumiya

Kakan Auta yana cikin masu waldar da suka haɗa ƙarafan doguwar hasumiyar da ke tsakiyar birni. Amma tun da aka buɗe ta bai taɓa hawa ba. Yanzu ganinsa ya yi rauni, likita ya ce ba zai daɗe yana gani ba.

"Auta, raka ni in ga garin nan daga sama, tun idona na da saura," in ji shi.

Ran Asabar suka shiga lif. Kafin kiftawar ido sun kai hawa na ƙarshe. Ɗaki ne zagayayye, bangonsa duk gilashi.

"Minti ashirin ake yi," in ji ma'aikaciyar wurin. "In ƙararrawa ta kaɗa, sai a sauka."

Auta ta zaunar da Kaka a benci. "Tsoho, jira ni, yanzu zan kai ka taga."

Ina, ai ta hango inda aka daɓe ƙasa da gilashi. Motoci na wucewa can ƙarƙashin ƙafafunta kamar kiyashi. Ta ɗauki hoto, ta kwanta ta sake ɗauka. Kaka kuwa ba zai iya ratsa cunkoson shi kaɗai ba.

Ƙararrawa ta kaɗa.

"Kaka, me ka gani?" ta tambaya a cikin lif.

"Bayan mutane," ya ce yana murmushi. "Ba komai, ma sake zuwa."

Kafin su sake zuwa, idanun sun rufe. Auta ta yi kuka har ta gaji. Ko hotunan ba ta iya kallo.

"Kuka ba zai gyara ba," in ji Mama. "Je ki ba shi haƙuri."

Ta durƙusa gabansa. "Kaka, ka yafe mini."

"Na yafe. Amma ki mayar da ni can."

"Ai ba ka gani."

"Ke ai kina gani."

Suka koma. Wannan karon ba ta saki hannunsa ba. Ta faɗa masa ga kogi, ga gada, ga jirgin ƙasa mai tarago bakwai. Kaka ya jingina goshinsa da gilashin, hawaye na zuba.

"Ci gaba, Auta. Ina gani."

Daga ranar ta gane cewa in an ba ka amanar mutum, shi ake fara kula da shi, wasa ya biyo baya.