Hukuncin Tururuwa

Zulai tana zaune a kan tabarma cikin bukka, ta jingina da buhun dawa, tana sauraron kukan jaririn da ta haifa kwana goma sha biyu da suka wuce. Kukan yana fitowa ne daga bukkar surukarta, Inna Asta, taku goma tsakani. A kwanakin farko kuka ne mai ƙarfi, irin na wanda ya san an ci masa haƙƙi. Yanzu ya koma kamar na ɗan kyanwa. Rigarta ta jiƙe da nono, ƙirjinta ya yi tauri yana zogi, amma ba ta da izinin ba shi ko ɗigo.

Wannan ya faru ne a wata ruga da ke bayan ƙauyen Utako, a daminar shekarar da gwamnati ta mayar da motoci hannun dama, al'amarin da bai tayar wa kowa hankali a wajen ba, tunda babu mota, babu kuma hanyar da za ta bi.

Zulai 'yar wani tela ce Bahaushe da ke zaune a Garki. A kasuwar Garki ne mijinta Hammawa ya fara ganinta, ranar da ya zo sayar da bijimi. Ya sayi riga a wajen ubanta, rigar ba ta shige shi ba, ya dawo kasuwa ta gaba ya sayi wata, ita ma haka. Da aka kai ta uku, tela ya gane ba riga ake nema ba. Inna Asta ta ce 'yar Haɓe ba ta san gaban saniya da bayanta ba, amma Hammawa ya kafe, aka ɗaura aure. Da yake mahaifiyar Zulai ta rasu tun tana ƙarama, babu gidan da za ta je wanka, sai ta haihu a hannun suruka.

Washegarin haihuwar Inna Asta ta shigo da ɗan ƙoƙo.

"Tatso nan, 'yar nan. Ba a ba jikana abin da ba a gwada ba."

Zulai ta tatsa. Dakashi ne, nonon farko, rawaya mai kauri da yauƙi. Tsohuwa ta kamo tururuwa a bakin ƙofa ta jefa a ciki. In ta fito da rai, nono lafiyayye ne. In ta mutu, akwai dafi. Tururuwa ta yi iyakar ƙoƙarinta, ba a taɓa koya mata iyo ba, ta nutse.

"Innalillahi! Kun gani ko? Da yanzu an kashe min yaro!"

Da wannan shari'a ta ƙare, babu ɗaukaka ƙara. Aka ɗauke jariri zuwa bukkar kakarsa, aka lasa masa man shanu, aka fara ɗura masa madarar saniya da aka tsinka da ruwan rafi. Ran suna aka raɗa masa Audi. Kwana biyu bayan haka gudawa ta fara.

Mai karatu zai ce, to, uwar ba ta da baki ne? Tana da shi. Sai dai Audi ɗan fari ne, kuma a rugar nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban manya, balle ta nuna ta damu da shi. Uba kuwa ya fi ta shiga uku. In yaron ya yi kuka, Hammawa yakan ɗauki sandarsa ya tafi duba shanun da ya gama dubawa yanzu. Zulai da aka riga aka ce ba ta san kunyar Fulani ba, ta ɗaure bakinta har ya fi na 'ya'yan gida ɗauruwa. Safe da yamma takan zagaya bayan bukka ta tatse nonon a ƙasa don ta sami sauƙin zogi, ta tsaya tana kallon ƙasa tana shanyewa.

Ran nan da hantsi sai ga Lucy, matar malamin makarantar Utako da ake kira Maman Enoch, ta zo sayen kindirmo. 'Yar Gbagyi ce, ta yi shekara uku tana taimaka wa sista mai karɓar haihuwa a ɗakin shan magani na mishan, Hausarta kuwa ba ruwanta da namiji ko mace. Inna Asta ta tafi rafi, jariri yana kwance a kan fata. Lucy ta ɗauke shi, ta shafa maɗigarsa, ta ɗan tsunkuli fatar cikinsa. Fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba.

"Kai! Amarya, zo nan. Yaron nan tana bushewa fa!"

Zulai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon gefe. "Na Inna ne."

"Na Inna? Inna ne ya haife ta? Me kuke ba shi?"

Zulai ta faɗa mata, har da batun tururuwa, da murya kamar mai ba da labarin maƙwabta.

"Wannan nonsens ne!" in ji Lucy. "Sori fa, amma nonsens ne. Sista ya ce wannan nono na farko shi ne allura na farko. Kuma ruwan rafi, inda shanu suna fitsari? Ki ba shi nono yau, ki kai shi wajen sista gobe. In kun jira kasuwa biyu, ba yaro za ku kai ba."

"Ba ni da iko, Maman Enoch."

"Mijinki fa?"

"Shi ma ba shi da shi."

Lucy ta ajiye jaririn a hankali. "To, ku biyu ku zauna da kunya. Kunya ya iya haƙa rami ai."

Bayan tafiyarta Zulai ta daɗe a tsaye. Ba ta yi kuka ba, ta gaji da shi.

Da asuba ta bi Hammawa garke, abin da mai jego ba ta yi. Ta same shi a tsugune kusa da wata farar saniya da ta haihu a daren, yana tallafe da ɗan maraƙin yana kai bakinsa ga hantsa.

"Me ya fito da ke cikin raɓa?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Na zo in ga yadda ake yi wa masu gata ne."

Ya ci gaba da tallafar maraƙin, ita kuwa ta ƙara matsowa.

"Ka ce da ni a kasuwar Garki ko kura ce ta shigo ruga kai za ta fara ci. To, ga ta a bukkar Inna, kai kuma kana nan kana shayar da maraƙi."

"Zulai, kin san ba zan iya ba. Uwata ce. Kuma yaron... wancan ɗin..."

"Audi," ta ce. "Sunansa Audi."

Hammawa ya waiga da sauri ko wani ya ji. Shanu ne kawai. Zulai ta zauna a kan raɓa, hawaye suka zo da kansu.

"Wallahi na gaji. Ban ce ka yi faɗa da ita ba. Amma in ya mutu, ni da kai za mu zauna a bukka ɗaya muna kallon juna, kowa ya san abin da bai faɗa ba. Ni ba zan iya wannan zaman ba."

Ya daɗe yana kallon maraƙin yana tsotso, yana kaɗa bindi. Can ya miƙa hannu. "Ba ni ƙoƙon can."

Inna Asta tana bakin murhu tana dama kunu suka iso. Hammawa ya tsuguna nesa kaɗan kamar yadda ya saba, ya gaishe ta, ya ajiye ƙoƙo a gabanta.

"Inna, farar saniyarki ta haihu. Ga dakashinta, na ce a gwada."

"A gwada me? Saniyar da na gada wajen uwata?"

"Ai ba a ba ɗa abin da ba a gwada ba."

Kafin ta ce wani abu ya kamo tururuwa ya jefa. Su uku suka zuba ido. Wannan ma ba ta fi 'yar'uwarta iya iyo ba.

"Ash-sha," in ji Hammawa. "Dafi. Bari in je in raba maraƙin da uwarsa, mu tsinka masa madara da ruwan rafi."

"Kai! Ka haukace ne?" Tsohuwa ta miƙe da muciya a hannu. "Maraƙin da bai sha dakashi ba ya taɓa ganin kaka? Zawo zai kashe shi cikin mako! Wace tururuwa? Ko a zuma ka jefa ta ai mutuwa za ta..."

Sai ta tsaya. Daga cikin bukka siririn kukan nan ya fito, ya yanke, ya sake fitowa.

Hammawa bai ɗaga kai ba. "Inna, ki yafe min rashin kunya. Ɗana ne. Audi ɗana ne, kuma yana mutuwa."

Tun da aka kafa rugar ba a taɓa jin uba ya faɗi haka ba. Inna Asta ta dube shi, ta dubi Zulai da rigarta a jiƙe, ta dubi ƙoƙon. Ita ma idanunta sun faɗa, kwana goma sha uku ba ta yi barcin kirki ba, tana ɗura madara tana wanke tsumma. Ba mugunta ta yi ba. Abin da aka yi mata ta yi.

"Kunun nan zai kama," ta ce, ta koma ta zauna ta juya musu baya. Can, ba tare da ta waigo ba: "Ke kuma kin tsaya kamar turke. Ba ki ji yana kuka ba?"

Zulai ta shiga da gudu. Jaririn ya ƙi kamawa da farko, ba shi da ƙarfi, bakinsa ya saba da ɗuri. Ta tatsa masa a leɓe, ɗigo ɗaya, biyu. Ya lasa, ya yamutsa fuska, ya lalubo, ya kama.

Da hantsi suka kama hanyar ɗakin shan magani. Mai jego ba ta iya doguwar tafiya da goyo, don haka Hammawa ne ya rungumi yaron a ƙirji, ya ratsa gonakin doya da shi a gaban kowa. Matan ruga suka rufe baki, manoman Utako suka daina noma suna kallo. Sista ta yi faɗan da za ta yi, ta ba da magani, ta ce nono kaɗai, ba ruwa, ba man shanu, duk lokacin da ya nema, uwar kuma a ciyar da ita sosai.

Ba a kwana ɗaya ya warke ba. Mako uku Zulai ta yi tana shayarwa tana gyangyaɗi, kafin maɗiga ta ciko, kukan ya dawo da ƙarfinsa har ya fara damun mutane. Inna Asta ba ta taɓa cewa a yi haƙuri ba. Sai dai kullum da safe akan sami ƙwaryar fura da kindirmo mai kauri a ƙofar Zulai, ba a san wanda ya ajiye ba, a rugar da mutum ɗaya ne ya iya dama irinta.

To, 'yan'uwa, darasin ba mai tsawo ba ne. Nonon uwa, tun daga dakashin farko, shi ne abincin jariri kuma shi ne maganinsa. Kunya ado ce, haƙuri kuma yana da lada, amma ran da rai ke hannun mutum, wanda ya buɗe baki cikin ladabi bai yi rashin kunya ba. Audi ya girma har ya yi kiwo. Inna Asta kuwa ta yi tsawon rai, kuma duk haihuwar da aka yi a rugar ita ce ta farko da ke cewa a sa yaro a nono tun kafin a share ɗaki, tana ƙarawa da cewa ita dama can haka take faɗa.