Lemon Mama a Shafin Farko

Ranar da ya fara shigowa lambun, Auta tana tsugune tsakanin tukwanen dashe, hannunta duk taɓo. Dogon saurayi ne mai jakar kwamfuta, yayarta ce ta turo shi ya duba abin da ya sa shafin lambun Baba ba ya fitowa in an yi bincike a intanet. Ya yi sallama, ta ɗago, sai ya manta abin da ya kawo shi. Ita kuwa ta ci gaba da tsiyaya ruwa a tukunyar da tuni ta cika.

A rumfar ajiye iri ya buɗe shafin. Auta ce ke rubuta komai, kuma baiwar Allah ba ta san hanyar yanke ba. In za ta faɗi yadda ake shayar da fure, sai ta bi ta kan ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ta tsaya gaida malam-buɗe-littafi, sannan ta iso.

"Wannan kalma dubu huɗu ce," in ji shi. "Mai tambaya so yake ya ji sau nawa zai ba fure ruwa, amma sai a sakin layi na tara kika faɗa."

"To ya yi haƙuri mana. Furen ma ba rana ɗaya yake buɗewa ba."

"Ba ya haƙuri, ranki ya daɗe. Ficewa yake, ku kuma kuna can shafi na shida na sakamakon bincike, inda ba mai leƙawa."

"To kalma nawa ake so?"

"Gwargwadon tambayar. Wata ɗari huɗu ta ishe ta, wata sai dubu da ɗari biyar."

Daga ranar ta sa masa suna Mai Almakashi. Kullum da la'asar yana rumfar, yana yanka tana kare kalmominta, gwiwarsu ta kusa haɗuwa a kan benci. In ya tafi sai ta zauna tana kallon inda ya tashi, har magariba ta riske ta tana murmushi ita kaɗai. Saƙonta kan cika waya, nasa kuwa layi ɗaya ne.

"Furena, na karanta sau uku. Wannan ba na yankewa ba ne."

Ta ɗora wayar a ƙirji, ta san ta kamu, kuma ba ta nemi magani ba.

Baba ne bai gamsu ba. Shi ɗan amininsa yake yi mata sha'awa, mai shagon taki, wanda ke zuwa da shawarar a ƙara wa rubutun tsawo, a maimaita "dashen lemo" sau hamsin, wai don shafin ya fito sama a bincike.

"Ba zan tilasta miki ba, Auta," in ji Baba yana wasa wuƙar dashe. "Amma mutumin da sana'arsa yanke maganar mutane, ban ga abin da hannunsa ya shuka ba. Ba na sa albarka a duhu."

Ita kuwa ta san ba za ta shiga gidan kowa ba sai da albarkarsa.

Da maganar ta kai ga Mai Almakashi, sai ɗokin nuna wa Baba aikinsa ya ɗebe shi. Ya ɗauki rubutunta a kan abin da ke sa ganyen lemo yin ɗorawa, ya mayar da kalma dubu uku zuwa ɗari biyar, ya wallafa bai nuna mata ba. Cikin abin da ya zubar har da labarin marigayiya Mama, wadda ta dasa lemon da ke bakin rijiya.

Auta ta tura masa kalma uku kacal: "Ka yanke Mama."

Kwana uku ba ta ɗaga wayarsa ba. Shi kuma ya koma ga abin da ya yanke, ya karanta a nitse. Ashe amsar ma a nan take. Mama ba ta shayar da lemo sai ta nutsa yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, in da danshi ta wuce, domin yawan ruwa ne ke sa ganyen ɗorawa. Ya dawo da labarin, ya sa amsar a sama, ya bar Mama ta yi sauran bayanin. Rubutun ya tsaya a kalma dubu da ɗari uku.

"Furena, na ƙirga kalmomi ban saurare su ba. Mama ta dawo. Ki yafe mini."

Ta buɗe, ta karanta, ta yi kuka, ta amsa da saƙo mai tsawon gaske.

Bayan mako bakwai wata mata ta shigo lambun riƙe da waya.

"Baba, nan ne lemon Mama yake? Na yi bincike, ku na fara gani. Yatsa zuwa gaɓa ta biyu, wallahi lemona ya farfaɗo. Allah Ya jiƙan baiwar nan."

Wuƙar ta tsaya a hannun Baba. Shekara biyar rabon da ya ji wani baƙo ya yi wa matarsa addu'a. Da matar ta tafi, ya zauna gindin lemon ya ce Auta ta karanta masa rubutun duka. Bai ce ya yi tsawo ba, bai ce ya yi gajarta ba. Da ta kai ƙarshe ya share ido da bakin riga.

"Kira mini yaron nan. Ki ce ya taho da iyayensa."

Ranar da aka ɗaura auren, Baba ya kama hannun ango ya daɗe bai saki ba.

"Ɗana, 'yata mai dogon zance ce, gadon uwarta ta yi. Na saurari uwar shekara talatin, ban ƙoshi ba. Allah Ya ba ka fiye da haka, Ya yi muku albarka."

Ango ya buɗe baki, amma an riga shi. Auta ce ta amsa musu su biyu daga bayan mayafi.

"Amin, Baba."