Inji Arba'in

"Kwanta! Ka motsa na fasa kanka!"

Osmanu bai gama rufe baki ba, mai gadin sito ya riga ya shimfiɗe a ƙasa, har da miƙo makullai. Da mai hankali ne, da saurin nan ya ba shi tsoro. Amma Osmanu mutum ne da ya yarda da kansa fiye da kima, sai ya ɗauka kwarjininsa ne.

Asabar ce, ƙarfe ɗaya na rana, rabin Kumasi na wurin makoki. Su ma baƙin zane suka yafa, bindiga a ƙarƙashi. Su uku ne: Osmanu shugaba, Seini makanike daga unguwar Magazine a kan sitiyari, sai Sadick, wanda ya taɓa dako a wannan sito, inda ake ajiye kayan waje da masu su ba su zo sun ɗauka ba. Shi ya kawo labarin.

Labarin kuwa mai daɗi ne. Akwai injin mota arba'in a kwantena, na wata Hajiya Rakiatu ta unguwar Alabar, wadda jinya ta riƙe a Yamai. Doka ta ce jami'i ba shi da ikon sayar da irin wannan kaya sai ya buga sanarwa, ya jira wa'adi ya cika, sannan a yi gwanjo a gaban jama'a. Massa Fadil, jami'in siton, bai yi ko ɗaya ba. A ɓoye ya sayar wa wani dillali, Litinin za a kwashe. Osmanu ya ji haka ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wa yaransa ai wannan kaya ba shi da mai kuka. Fadil ya je wurin 'yan sanda ya ce me? An sace abin da ya sace?

Suka ɓalle ƙofar kwantena. Inji huɗu, da tsofaffin tayoyi.

"Chale, abokina, ina sauran?" in ji Osmanu.

Sadick ya rantse da kabarin uwarsa jiya arba'in ne. Ba lokacin musu. Suka cicciɓi huɗun zuwa bayan mota, Seini ya taka wuta.

A daidai lokacin Massa Fadil na zaune a falonsa a Dichemso, yana cin wake da shinkafa, waya a gefen faranti. Inji talatin da shida sun daɗe da shiga cikin motocin mutane. Abin da ya hana shi barci shi ne Hajiya ta warke ta dawo da lauya, tana tambayar a wace jarida aka buga sanarwa, kuma masu bincike za su zo ƙirga kaya ranar Litinin. Abin da yake bukata ɓarayi ne, kuma Sadick ya samo masa su a araha. Waya ta yi ƙara. Ya wanke hannu a tsanake, sannan ya ɗauka ya fara salati.

A mahaɗar farko Sadick ya ce a tsaya ya leƙa hanya. Ya sauka, ya sha kwana. Har yau yana leƙawa.

Sai jiniya.

"Koti ne, 'yan sanda! Seini, taka!" in ji Osmanu.

Seini ya taka. Ya karya hagu, ya karya dama, ya faɗa wani lungu — rumfunan makoki sun tare titi daga bango zuwa bango! Kujeru, makaɗa, tsofaffi cikin ja da baƙi. Asabar ɗin da suka zaɓa ita ta rufe musu hanya. Seini ya buɗe ƙofa ya zura da gudu. Tau! Harsashin ɗan sanda ya same shi, ya faɗi riƙe da gwiwa. Osmanu ya ɗaga hannu sama, zanen makoki ya zame, bindiga ta faɗo a gaban matar mamaci.

A ofishin 'yan sanda aka karanta masa takarda: fashi da makami, inji arba'in. Nan ne abin ya yi masa ciwo har cikin rai.

"Wallahi huɗu muka ɗauka!"

"Madalla," in ji sufeto, yana rubutawa. "Ka yarda kun ɗauka ke nan. Saura ka tuna inda kuka kai talatin da shida."

Osmanu ya shiga karanto musu dokar gwanjo, sanarwa da wa'adi da taron jama'a, tiryan-tiryan kamar lauya. Sufeto ya saurara har ƙarshe, ya yaba masa, ya ce ya ajiye wa alƙali. Alƙali kuwa ya ga mai gadi, ya ga bindiga, ya ga Massa Fadil yana share hawaye da hankici.

Osmanu ya samu shekara ashirin. Seini ya samu sha biyar, da ƙafa ɗaya. Hajiya Rakiatu da aka ce mata ɓarayi sun cinye kayanta, ciwo ya tashi, aka mayar da ita Yamai, ba ta ƙara waiwayar huɗun ba.

Da aka gama shari'a, aka mayar da injunan sito, ba mai nema. Massa Fadil ya buga sanarwa a jarida, ya jira wa'adi ya cika cif, ya tara jama'a ya yi gwanjonsu yadda doka ta ce. A kurkuku Osmanu ya ga sanarwar, a jikin takardar da aka ƙunso masa ƙuli-ƙuli.