Kwano Ɗaya a Tsibirin Goruba

Hantsi ya dubi ludayi, Murja na tsugune a ƙofar ɗakinta tana tankaɗe, sai ta ji kukan babur ɗin mijinta a ƙofar gida. Rufa'i ke nan, malamin dabbobi, ya dawo daga rangadin allurar shanu da ya kai shi can gabas, inda ruwan Haɗeja ke bajewa kafin a isa Nguru. Ta yi kamar ba ta ji ba, amma rariya ta tona mata asiri, don rabin garin a ƙasa ya zube.

Gidan marigayi Malam Barau na cikin Gumel gida ne mai albarka, sai dai albarkar ta ɗan yi yawa. Da Iya mahaifiyar Rufa'i, da Gwaggo Kande ƙanwar mahaifinsa, da Baba Ɗantala da iyalinsa, kowa da sashensa, kuma ba abin da ya raba su sai zana. In ka yi atishawa a ƙuryar ɗakinka, daga sashe uku za a yi maka addu'a. Murja na son gidan, mutanen gidan na son ta, mijinta kuwa ba a magana. Abu ɗaya ne ke ci mata rai. Shekararta uku a gidan, ba ta taɓa sa hannu a kwano ɗaya da mijinta ba. Shi a zaure yake ci da maza, ita da mata, hirarsu kuwa sai raɗa-raɗa kamar ɓarayin kaji.

Sai da Rufa'i ya bi kowane sashe ya yi gaisuwa, sannan ya samu ya iso nasa.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji Murja, tana miƙa masa ruwa.

"Yawwa. Murja, na gano mana wani waje!" Ya rage murya. "Tsibiri ne, masunta suka tsallakar da ni a kwalekwale. Ruwa ta ko'ina, goruba ta yi masa rumfa, ga bado ya yi fure fari fat. Ba kasuwa, ba mota, ba mai kiran sunan wani. In kin ji motsi, to tsuntsu ne."

Murja ta saki baki. Ita 'yar Sule Tankarkar ce, garin da sai an haɗa igiya da igiya kafin guga ya taɓa ruwa. Ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne kududdufin bayan gari, shi ma farin da aka yi shekarun baya ya ƙafar da shi.

"Na nemi hutu a ofis," in ji shi. "Sarkin ruwan wurin ya ce zai ba mu bukka. Mu yanki tikitin jirgin ƙasa a Gagarawa, mu yi 'yan kwanaki mu dawo. Yawon amarci ke nan, hanimun in ji Turawa."

"Hanimun bayan shekara uku?"

"Namu ne ya yi latti."

Ta rufe baki da gefen zane tana dariya. "Ni ba ruwana da sunansa. In dai za mu zauna ni da kai, mu ci tuwo a kwano ɗaya ba mai leƙe, ko a kan juji ne na yarda."

Sai suka ji tari daga bayan zana, ta wajen sashen Iya.

Kafin la'asar, har akuyar gidan ta san da maganar tsibiri. Gwaggo Kande ce ta fara shigowa, ta zauna a kan tabarma ba tare da an ce mata bismilla ba.

"Ashe tafiya za a yi? Madalla! Dama ina son banda mai kyau, ta kasuwar Maigatari duk ƙaiƙayi ne da ita. Da ni za a je, in riƙa taya ki hira a hanya."

Baba Ɗantala kuwa a tsakar gida ya tsaya yana buga sanda. "Wannan wace irin bidi'a ce? Mace da miji su kama hanya su biyu, ba biki ba, ba ta'aziyya ba? Gobe a ce a gari matar ta mallake shi! Ba da yawuna ba." Ya shafa gwiwarsa. "In kuwa ya zama dole, to ni zan raka ku. An ce masuntan can suna da maganin sanyin ƙashi."

Duk wannan hayaniya Iya na kaɗin audugarta. Iya mace ce mai kaifin harshe, ba ta dariya sai da dalili, kuma Rufa'i ɗanta ne na fari, don haka ko sunansa ba ta faɗa. Da ta ga surutun ya ishe ta, sai ta ajiye mazari.

"Kande, ke za ki kula da madafi. Ɗantala, gero na masussuka, wa za ka bar wa? Ba mai zuwa. Yaron nan da matarsa za su tafi, ni kuma zan bi su. Sai in ga ɗan da zai buɗe baki a Gumel ya ce wani abu, alhali uwar miji na tafe."

Gwaggo Kande ta kumbura, amma ta san zama kusa da Iya a mota ba abin marmari ba ne. Baba Ɗantala ya ce hakan ya yi daidai, ya ja ƙafarsa ya koma zaure.

Murja ta shiga ɗaki ta kifa kai a kan gado, hawaye shaɓe-shaɓe. Da Gwaggo ce, da ana iya lallaɓa ta da kifi a samu sarari. Amma Iya! A gaban Iya ko ido ba ta iya haɗawa da mijinta, balle hannu a kwano.

Rufa'i ya shigo ransa a ɓace. "Sori, Murja. Mu fasa kawai. Ko kuma in ce wa Iya ofis sun soke hutun, in an kwana biyu mu sulale."

Ta ɗago da jajayen idanu. Wallahi zuciyarta ta so hakan, har bakinta ya buɗe zai ce to. Sai ta tuna ranar da zazzaɓi ya kayar da ita, Iya ce ta zauna a kanta tana ɗura mata kunu tana yi mata faɗa.

"A'a, Malam. Ba za mu yi wa Iya ƙarya ba. Ita ma tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin babban ruwa ba. In ban samu abin da nake so ba, ai na kai ta ta gani."

"Kwano ɗayan fa?"

"Wata rana," in ji ta.

Daga nan ta kama shiri, kuma ba shirin ganin ido ba. Ta daka dakuwa ta yi mata laushi saboda haƙoran Iya. Ta aro filas a wajen matar hedimasta, don Iya ba ta wasa da ruwan ɗumi da asuba. Gidan sauron aurenta, wanda take ji da shi, ta wanke ta linke ta ce na Iya ne, su sa yi hayaƙi. Kullum sai ta tsare Rufa'i da tambaya: kwalekwalen ba ya tangaɗi? Tsohuwa za ta iya shiga? Akwai inuwa a bakin ruwan? Da ta zo ɗaure kaya, ta ɗauko kwano uku ta jera, ta daɗe tana kallon su, sannan ta ƙulle su a tsumma ɗaya.

Ranar tafiya suka shiga motar kiya-kiya zuwa Gagarawa, Iya a tsakiya, ɗa a dama, suruka a hagu. Tun daga Gumel Iya ke faɗa da direba kan gudu, Murja na yi mata fifita.

A tashar jirgi, Rufa'i ya nufi tagar tikiti, sai Iya ta ce da Murja, "Gaya wa yaron nan biyu zai yanka."

"Biyu, Iya?"

"Kunnenki ƙalau. Ga gidan ƙanwata Asama'u can bayan tasha, rabona da ita tun kafin fari. Ni me na haɗa da ruwa? Kwance mini ƙullin nan."

Murja ta kwance. Iya ta ɗauki dakuwarta da filas, ta tura mata gidan sauro. Sannan ta zari kwano biyu ta sa a ƙarƙashin hammata, ta bar ɗaya.

"Waɗannan ina da amfani da su. Ku ji da wancan."

Kunya ta kama Murja, ta rasa inda za ta sa kanta. Ashe tarin nan na bayan zana ba na banza ba ne! Ta durƙusa a kan tsakuwar tasha, kuka ya ƙwace mata.

"Tashi, 'yar nan, kada ki tara mana jama'a." Iya ta kau da kai ta dubi layin dogo, muryarta ta sauko. "Mahaifin yaron nan, mun yi zaman lafiya iya zaman lafiya. Amma har Allah ya karɓi abinsa, ban taɓa ganin yadda yake kai loma baka ba. Kunya muka riƙe, shekaru suka tafi." Ta share ido da bakin mayafi, nan da nan ta koma Iyarta. "Kuma ki sani, ina lura da ke. Da kin ɗaure mini fuska ko sau ɗaya, wallahi har tsibirin zan bi ku, in kwana a tsakiyarku!"

Rufa'i, da ya jiyo komai ya dawo da tikiti biyu a hannu, ya tsuguna gefen matarsa. "Iya, Allah ya saka da alheri. Mutanen gida fa?"

Iya ba ta dube shi ba, Murja ta ci gaba da yi wa magana. "In kun dawo ku biyo ku ɗauke ni, mu shiga Gumel tare. Wanda ya isa ya tambaye ni inda na kwana."

Tsibirin kuwa Rufa'i bai yi ƙari ba. Murja ta shiga kwalekwale idonta a rufe tana salati, ta fita tana dariya. Matar sarkin ruwa ta zuba musu tuwo da miyar kifi a kwanon nan ɗaya, suka zauna a inuwar goruba, ruwa na lasar gaɓa. Ba tari, ba leƙe, ba mai sallama. A nan Murja ta gano abin da shekara uku ba su nuna mata ba: mijinta a hankali yake ci, kuma duk tsokar kifin da ya ɓare, gabanta yake turowa.

"Ci mana," in ji shi. "Me kike kallo?"

"Ina kallo ne har da na Iya," in ji ta.

'Yan uwana matasa, ku dubi Murja. Da ta bi son ranta ta yarda a yi wa tsohuwa ƙarya, da wataƙila ta je tsibirin, amma da ta ci tuwon nan da fargaba. Ta haƙura, ta kyautata wa wadda take zaton ta tare mata hanya, sai ga shi ita ce ta share mata hanyar. Ba kowane babba mai ɗaure fuska ne maƙiyin soyayyarku ba. Wani kam, abin da ya rasa ne yake so ku samu.