Kwalbar Inna Maimuna

"Me ka zuba a cikin kwalbar nan, Haisam?"

Ko sallamarsa Mashkura ba ta gama amsawa ba ta jefa masa tambayar. Yana tsaye a ƙofar zaure da ledar ɗinkin Sallarta a hannu, ya taso tun daga Dutse a kan babur, ga azumi a baki, ga ranar La'asar.

"Haba rabin raina... ko sannu da zuwa babu?"

"Na ce me ka zuba a ciki!"

Ya kalli kwalbar, ya kalli ƙasa. Ita kuwa tun daga wannan kallon ta san da magana a ƙasa.

Ƙaramar kwalba ce koriya, ta mahaifiyarta Inna Maimuna. Man turare ne da marigayiyar ta haɗa da hannunta, akwai sandal, akwai miski da ƙanumfari, akwai kuma wani abu da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Kullum sai ta ce wa Mashkura za ta koya mata idan aurenta ya zo. Auren bai zo ba mutuwa ta riga shi, shekara uku ke nan.

Bayan rasuwarta idanun mijinta Modibbo, mahaifin Mashkura da take kira Baffa, suka tafi. Abin da ya rage masa na matarsa shi ne ƙamshin nan. Duk safiyar Sallah Mashkura za ta ɗiga ɗigo uku a kan itacen sandal, ta ɗora a garwashi, tsohon ya zauna shiru har hayaƙin ya ƙare, sannan a kama hannunsa zuwa Idi. Duk Kiyawa an san ba ya fita sai an yi wannan.

Kwana goma da suka wuce Haisam ya zo da idanu jajur, wai ciwon kai ya hana Hajiyarsa sakat, ko za ta ba shi aron kwalbar a shafa mata kaɗan a goshi? So ba ya barin mutum ya yi dogon tunani. Ta ɗauko ta ba shi, ko Baffanta bai sani ba. Ya dawo da ita a naɗe cikin ƙyalle, sai yau jajibiri ta kwance.

"Rabin kwalba na ba ka," ta ce. "Ta dawo cike har wuya. Turare haihuwa yake yi?"

"Ki saurare ni, masoyiyata..."

"Ina jin ka."

"Hajiya ce ta ji ƙamshin ya yi mata. Kin san matan manyanmu na ofis za su zo gaisuwar Sallah gobe. Sai ta... ta juye, aka soya turaren wuta da shi, aka turara labulaye."

"Duka?"

"Duka. Amma wallahi na zaga kasuwa na samo mai kyau na zuba miki, ɗan waje ne, har ya fi..."

"Ciwon kan fa?"

Ya kawar da kai.

"Haisam! Hajiya ta yi ciwon kai ko ba ta yi ba?"

"Uwata ce, Mashkura. Tun ranar da kika ba ni labarin kwalbar take cewa in kawo mata. Ya zan yi? Na san idan na faɗa miki gaskiya ba za ki bayar ba."

Wato tun a gida aka shirya ƙaryar, har da jan idon. Wannan mutumin da take tashi ta yi masa addu'a kafin ta yi wa kanta! Hawaye suka zubo mata, masu zafi.

Da ya yi shiru a nan, da wataƙila ta yafe. Amma bakin mai laifi ba ya iya zama a rufe.

"Ki kwantar da hankalinki. Baffa fa ba gani yake ba, ba zai gane ba..."

Ta ɗago ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Makantar ubana ka dogara da ita?"

"Ba haka nake nufi ba! Don Allah kar ki faɗa masa. Kin san halinsa, idan ya ji zai fasa ba ni ke. Saura kwana goma sha biyu ɗaurin aurenmu, Mashkura. Ki rufa mana asiri... ki tuna son da muke yi wa juna."

Ta juya ta shige gida. Abin haushin shi ne, har a lokacin tana sonsa.

Gari ya waye da kabbarori. Modibbo ya yi wanka, ya sa farar babbar riga, ya zauna a kan buzunsa.

"Ina kaskon, 'yar Baffa?"

"Ga shi nan zuwa, Baffa."

Ta yanke shawarar yin shiru. Sau ɗaya ne, ta ce wa zuciyarta, Allah Ya sa ya wuce. Ta ɗiga ɗigo uku, ta ɗora itacen a garwashi, ta tura kaskon gabansa.

Hayaƙi ya tashi, ƙamshi mai kaifi irin na kanti ya cika ɗakin.

Tsohon ya ja numfashi. Ya sake ja. Ya sunkuyo har gemunsa ya kusa taɓa kaskon, ya jawo hayaƙin da tafin hannu zuwa fuskarsa. Can ya koma ya jingina da bango.

"Kwalbar Innarki ce?"

"Ita ce, Baffa."

"Inna lillahi..." ya ce a hankali. "To shi ke nan. Ido ya tafi, yanzu hanci ma ya bi shi. Ina jin hayaƙi, amma ba na jin Maimuna. Allah Ya karɓe mini ita gaba ɗaya."

Hawaye suka gangaro daga idanun da ba sa gani. Bai zargi kowa ba, kansa ya ɗora wa laifin.

A daidai lokacin ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Haisam ne, ya zo raka surukinsa Idi kamar yadda ya yi alkawari. Sallamarsa ta shigo daga zaure, a tausashe, cike da roƙo.

Mashkura ta san kalma ɗaya za ta raba ta da shi har abada. Ta kuma san idan ta yi shiru, tsohon nan zai mutu yana zaton jikinsa ne ya ci amanar matarsa.

Ta durƙusa, ta kama hannayensa biyu, kuka ya ƙwace mata.

"Hancinka lafiya lau yake, Baffa... Ba turaren Inna ba ne. Ni na bayar da shi."

Yatsun tsohon suka matse nata.

"Wa kika ba?"

Daga zaure Haisam ya sake yin sallama. Ta rufe idanunta, ta faɗi sunansa.