Tukwanen Gas Arba'in a Hannun Duwan

Ranar da Aliya ta fara ganin Faruk, faɗa take nema, ba soyayya ba. Firigonta ya mutu ana tsakiyar bazara, ƙanƙarar da take sayarwa ta koma ruwa, shi kuma Faruk, mai gyaran da aka kira gidansu na unguwar Kara-Kara, ya tsaya yana harare-hararen tukunyar gas kamar ya ga maciji.

"Malam, ɗurawa za ka yi ko kallo?" ta ce. "Daga shagon Baba na ɗauko ta, sabuwa fil."

Faruk ya jona wani ɗan inji a bakin tukunyar, ya duba, ya girgiza kai. "Fentin ne sabo, malama. Na cikin tsohon gas ne da aka hana. In ya tsere, sama yake hawa ya cinye rumfar da Allah ya yi mana don tare mugun hasken rana. Ni ba na ɗura shi."

"Ikon Allah! Yau ga gyara haɗe da wa'azi."

Ya yi murmushi, ya kwanto tasa tukunyar daga bayan moto. Kafin la'asar firigo ya kama sanyi, Aliya kuwa ta rasa dalilin da ya sa ta ba shi zoɓo har kofi biyu.

Daga ranar firigon nan ya koyi ciwon ƙarya. Yau ƙara yake yi, gobe ƙofa ba ta rufuwa, Faruk kuma bai taɓa tona masa asiri ba. Saƙo ya fara kai da kawo.

"Ƙanƙarata, yau sau biyu ina jona waya a juye. Laifinki ne."

"Mai firigona, turo magabatanka ka huta."

Sai dai da magabatan suka zo, mahaifinta Malam Bukar ya ce a ba shi lokaci, kowa kuma ya san ma'anar wannan. Tun farko Aliya ta kai masa zancen gas ɗin, ya ce yaron jiya ba zai koya masa kasuwa ba, ga takarda da sa hannu. Mai ba shi takardar kuwa Mai Nasara ne, ɗan kasuwar da ke shigo masa da kaya ta iyaka, wanda shi ma ya daɗe yana ajiye mota a ƙofar gidan ba tare da Aliya ta leƙo ba.

Wata Talata 'yan duwan, wato jami'an kwastan, suka tare kamiyo, wata babbar motar kaya, a hanyar Magarya, ɗauke da tukwanen gas arba'in da sunan Malam Bukar. Suka ce sai an auna. Mai awon da suka saba kira kuwa Faruk ne.

Malam Bukar ya kira Aliya zaure, ko kallonta bai yi ba. "Gobe yaron nan zai auna kayana. In ɗa ne, ya san abin da zai faɗa. In ya faɗi wani abu daban, ni gidan kaso, ku kuma ku manta da juna."

Aliya ta san gaskiya, amma gaskiyar ba ita ta haife ta ba. Ta rubuta wa Faruk:

"Don girman Allah, Faruk, sau ɗaya tak. Ka ce injin ya lalace, ko ka ce ba ka da lafiya. Babana ne."

Amsarsa ta zo.

"In ban je ba wani za a kira, shi kuma bai san Baba ba. Ba zan yi ƙarya ba, Aliya. Amma ba zan bar shi shi kaɗai ba."

"To, ka zaɓa," ta rubuta, ta kashe salula, ta fashe da kuka.

Da safe ta bi mahaifinta har buro, ofishin duwan, ta raɓe a bakin ƙofa. Faruk ya durƙusa ya gaida Malam Bukar, ba a amsa ba. Ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har shugaban duwan ya gaji ya tambaye shi sakamako.

"Wanda aka hana ne, ranka ya daɗe. Duka arba'in."

Malam Bukar ya zame ya zauna a ƙasa. Aliya ta ji ta tsani Faruk kamar ta mutu.

"Amma a duba nan," in ji Faruk. Ya kankare fentin tukunya guda da wuƙa, tsohon rubutu ya fito daga ƙasa. "Dattijon nan ba shi da injin aunawa. Takarda aka ba shi cewa halastacce ne, ya yarda. A tambayi wanda ya sa hannu."

Shugaban ya kira Mai Nasara, ya buɗe murya kowa na ji.

"Wane Bukar? Ni ban san shi ba," in ji Mai Nasara, ya katse.

Aka riƙe kayan, aka sallami Malam Bukar, jandarmomi suka shiga neman mai sa hannu. Sati uku dattijon bai ambaci sunan Faruk ba, Aliya kuwa kunya ta hana ta sakat. Da ƙyar ta rubuta masa, "Ka yafe mini."

"Ƙanƙarata, ai ban riƙe ki ba. Jira nake."

Ranar wata Juma'a Malam Bukar ya aika a kira magabatan Faruk. Aliya na laɓe bayan zaure.

"Ɗanku ya jawo mini asara, har yanzu ban huce ba," ya ce. "Amma na matsa masa da abin da ya fi so a duniya, ya ƙi yin ƙarya. Wanda bai yi ƙarya don ya sami 'yata ba, ba zai yi mata ƙarya in ya same ta ba. Ku kawo goro."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure, Kara-Kara ta cika da guɗa. Da za a fita da amarya, Malam Bukar ya kama hannun Faruk a karon farko.

"Ga amanata nan. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai gaskiya irin taka."